Ranar da Lasifika Ya Cika Mana Zaure

Gidan da Allah ya ba mai surutu ba sa bukatar rediyo. Mu namu ɗan yayar Mama ne, a wurinmu yake zaune tunda ya samu shiga jami'a, kuma tun yana firamare ake ce masa Lasifika. Ni a gaban Mama Yaya nake ce masa, in ta ba da baya in koma kan sunan da duniya ta sani. Zango ɗaya tak ya yi a sashen koyon talla da kasuwanci, amma har ya sayi baƙin tabarau da kwat ta gwanjo, ya kuma sanar da mu cewa daga ranar a riƙa kiransa Manaja. Ko kyanwar gidan ba ta ɗaga kai ba.

Ni kuwa ina ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai, kuma a lokacin muna cikin tsaka mai wuya. Akwai wani ɗan zaure a bayan ɗakin karatu, mai dandamali da jan labule, a nan muke atisaye, a nan muke nuna wasa. Shiga kyauta ce, amma ko kyautar ba a zuwa. A wasanmu na baya 'yan wasa sun fi 'yan kallo yawa, cikin 'yan kallon ma ɗaya barci ya kawo shi, ɗaya kuma cajin waya. Washegari Farfesa, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis. Mutum ne da ba ya ɓarnar magana.

Ya ce, "'Yan ƙwallon tebur sun daɗe suna neman zauren nan. In a wasanku na gaba kujeru suka sake zama suna kallon juna, makulli ya koma hannunsu."

Wasan na gaba kuwa ni na rubuta shi, kuma ina ji da shi. Labarin wani tsoho ne mai gyaran agogo da idonsa ya fara mutuwa, yana ɓoye wa 'yarsa, ita kuma ta sani tana ɓoye masa cewa ta sani. Mutum biyu ne kawai, da tebur, da fitila. Har kuka na yi wajen rubuta shi. Tunanin a ce za a buga ƙwallon tebur a kan dandamalin nan ya hana ni cin abinci, Mama ta tambaye ni, na zayyana mata komai. Kuskurena ɗaya, ban duba ko wa ke bayan ƙofa ba.

Sai ga Lasifika ya faɗo falo, da tabarau a cikin ɗaki. "Ƙanwata, kina da gwani a gida kina kuka? Zaure nawa ne? Ni filin ƙwallo ma in aka ba ni sai an rasa wurin tsayuwa."

Na ce, "Yaya, wa ka taɓa cika wa wuri?"

"Ba a ba ni dama ba ne. Yau ta zo. Ki saurara, mun yi shi a aji: kasuwa kashi-kashi ce. Ba a yi wa kowa talla iri ɗaya. Ka duba mutum, ka gano abin da ransa ke so, ka ce masa ga shi can."

"To in babu shi can fa?"

"Ke matsalarki ke nan, tunanin 'yan wasa. Ba wasa ake sayarwa ba, buri ake sayarwa."

Mama ta ce, "Ki bar shi ya gwada mana, ko ma huta da bakinsa a gidan nan."

Na miƙa masa rubutun wasan ya karanta. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya dawo min da shi, ya ce ya gane. Da yake atisaye ya sha min kai, sai na sallama masa. Kullum da sassafe ya fice da kwat, ya dawo da yamma murya a dishe, yana cewa kasuwa ta amsa.

Alamar farko daga Anti mai kitso ta zo. Shagonta na bakin layinmu, mace ce mai jiki da fara'a, wadda in ta yi dariya sai an ji a layi na gaba. Ta shigo gidanmu tana tafa hannu.

"Maman yara, ashe haka 'yarki ta iya tsara soyayya? An ce ɗan attajiri ne ya mace a kan 'yar mai gyaran agogo, uwarsa ta ce sai bayan ranta. Kuma a ƙarshe har biki za a yi a kan dandamali! Mu dai ranar rufe shago za mu yi, duk masu zuwa kitso na gaya musu."

Na ce, "Anti, wane biki?"

Ta kashe min ido. "Manaja ya ce za ki musa. Wai sirrin sana'a ne."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Dogo ya zo atisaye yana waige-waige. Dogo shi ke fitowa a tsohon, ƙato ne amma ko sauro ba ya iya kashewa sai ya ba shi haƙuri. Ya ce samarin gidan kallon ƙwallo sun tare shi a hanya suna lallatsa masa damtse, suna tambaya wai da gaske shi kaɗai zai daki mutum bakwai, kuma wai da agogon bango zai fasa kan na ƙarshen.

Ana wata ga wata. A hanyar gida Baba mai fansho, maƙwabcinmu, ya yafito ni daga kan bencin da suke zama da abokansa.

"'Yata, in taho da tsohon gilashina ne, ko a can za a ba da sabo?"

"Baba, a ina?"

"Wurin taron naku mana. Yaron gidanku ya ce a kan ciwon ido ne, kuma za a duba na kowa kyauta. Mun ma sanar da 'yan ƙungiyarmu."

Wadda ta ƙarasa ni ita ce shugabar makarantar rainon yara da ke kusa da jami'a. Har bakin zaure ta biyo ni, cikin ladabi, ta ce tambaya ɗaya gare ta saboda iyayen yara: zakin a keji zai zo ko da igiya?

Na samu Lasifika a falo ya miƙe ƙafa yana shan shayi, Mama na ninke kaya.

"Yaya, zaki?"

"Yara na son zaki."

"A ina za ka samo shi?"

"Wa ya ce sai an samo? Kin ce in cika zaure ko kin ce in buɗe gidan namun daji?"

"Biki fa? Dambe fa? Likitan ido fa? Ko shafi ɗaya ba ka karanta ba!"

"Mai talla ba ya karanta kaya, kada tausayi ya shige shi. Ki kwantar da hankalinki. Ɗan'adam mantuwa gare shi, da zarar ya samu kujera ya ji fanka, ya manta abin da ya kawo shi."

Mama ta ce, "Kai dai ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ya ce, "Mama, ba ƙarya ba ce, dabarun zamani ne. Akwai shi a littafi."

Na so in bi mutane in warware, amma wasa washegari ne, kuma maganar ta riga ta zaga gari. Gaskiya kuma, can ƙasan raina, ina son in ga kujerun nan da mutane ko sau ɗaya.

Ai kuwa na gani. Tun kafin la'asar zaure ya cika ya batse. Tsofaffi sun kame layin gaba, kowa da gilashi a aljihu. Bayansu yara ne cikin rigunan makaranta, an jera su kamar ƙwai a kiret, malamansu na gefe. Matan shagon kitso sun ci kwalliya sun cike tsakiya, turare har dandamali. Samarin gidan ƙwallo suna baya, wasu a kan taga. Farfesa na gefe a zaune, da jikarsa a cinya, ashe ita ma 'yar makarantar rainon ce. Lasifika na bakin ƙofa yana ba kowa hannu yana cewa, "Manaja ke nan, sannunku da zuwa." Da muka haɗa ido ya ɗaga min gira, wato kin gani.

Aka ja labule. Dogo na zaune gaban tebur, an barbaɗa masa hoda a ka, ya manna ƙaramin madubin masu gyaran agogo a ido, fitila na haska shi. Wasan da shiru yake farawa, dogon shiru, tsoho na lalubar wani ɗan ƙusa da ya faɗi bai gani ba. Wannan shirun shi na fi alfahari da shi a duk rubutun.

Sai wata 'yar murya daga cikin yara ta ratsa shi, tana tambayar malamarsu. "Anti, ina zakin?"

"Shhh, yana zuwa."

Daga baya wani ya ce, "Tsoho, ajiye agogon nan a fara!"

Dogo ya daure ya ci gaba da lalube. Ni ina bayan labule ina addu'a. Ban ankara ba sai na ga Baba mai fansho ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya hau matakala a nutse, ya ja kujerar da ke fuskantar Dogo ya zauna. Ya cire gilashi ya ajiye a tebur, ya kusanto da fuskarsa ga fitila.

"Likita, na hagun ne ya fi damuna. In rana ta yi sai in ga mutum ya zama biyu."

Dogo ya waigo yana nemana da ido. Kafin in yi motsi, sauran tsofaffin sun tashi sun ja layi a matakala, har ana gardamar wa ya riga wa.

Na tura yarinyar da ke fitowa a 'yar tsohon, ko shigarta ta dawo da wasa kan hanya. Tana sa ƙafa da tiren shayi matan tsakiya suka ɗauki shewa.

"Amarya ta fito!"

"Kai, amma ba a yi mata kwalliya ba."

"Ina angon? Kar dai a ce wannan mai furfurar ne!"

"Wanne daga ciki? Ai su biyu ne a zaune."

Baba mai fansho ya juyo a fusace. "Wane irin ango? Asibiti ne nan, ku yi mana shiru!"

"Asibiti? Baba, dambe muka zo kallo!"

"Wane dambe, ku 'yan ƙwallo ba ku da aiki sai tashin hankali. Biki ne!"

Yara kuwa suka haɗa baki suna buga ƙafa: "Za-ki! Za-ki! Za-ki!"

Nan fa kowa ya fara tambayar na kusa da shi wa ya gaya masa. Amsa ɗaya ce ke fitowa daga kowane lungu: mai kwat, mai tabarau, Manaja. Kawuna suka juya bakin ƙofa gaba ɗaya. Babu Manaja, ya sulale.

Ta baya ya zagayo, don ƙofar waje samari sun toshe ta, yana neman tagar ɗakin canza kaya. A nan na cafke shi, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Wani taron gaggawa ne ya taso min."

"Taronka na nan ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Ƙanwata, ki fahimta, aikin mai talla a bakin ƙofa yake ƙarewa."

Na leƙa ta labule. Jikar Farfesa ta fara kuka tana cewa ita sai zaki, Farfesa na duba agogonsa, ya ɗora hannu a kan aljihun da makulli yake. Wallahi a lokacin na ji zan iya haɗiye Lasifika da kwat ɗinsa. Na waiga, idona ya faɗa kan mofar da muke goge daɓe da ita, mai igiyoyi yala-yala, da wani tsohon bargo ruwan ƙasa. Na tsige kan mofar daga sandar na kifa masa a ka. 'Yan ƙungiya suka naɗe shi da bargo, wani ya ɗaura masa guntuwar igiya a ƙugu ta zama wutsiya.

"Ba ta bushe ba! Wari take yi!"

"Durƙusa."

"Ni fa ɗalibin jami'a ne!"

"Zaki ma sarki ne. Shiga."

Muka ingiza shi. Ya bayyana a dandamali da rarrafe, takalmi sau ciki a ƙafa, tabarau na leƙowa ta cikin igiyoyin mofa. Ya buɗe baki zai yi gurnani, tsoro ya shaƙe shi, abin da ya fito bai wuce kukan ɗan tsako ba.

Wani yaro ya ce wa malamarsu da ƙarfi, "Anti, wannan ai tunkiya ce."

To, Lasifika zai jure komai, amma ban da a raina muryarsa. Ya ja numfashi ya saki wani irin ruri da sai da gilashin taga ya amsa. Yara suka ƙwala ihun murna suna ɓuya a bayan juna. Baba mai fansho ya yi tsalle daga kujerar likita, ya sauka matakala ba sanda, abin da 'yarsa ta ce rabon da ya yi tun kafin ya ajiye aiki. Layin tsofaffi ya watse.

Jin tafi ya sa zaki ya samu ƙarfin gwiwa. Ya zaga tebur yana kaɗa wutsiya, ya sake ruri, ya ma kai wa Dogo wawura don burge yara. Samari suka miƙe tsaye.

"Yauwa! Tsoho, kama shi!"

Dogo mai haƙuri, wanda ya yi wata guda yana koyon rawar hannun tsofaffi aka zo aka mai da shi likitan ido, ya cire madubin ya ajiye a hankali. Ya sunkuya ya sungumi zaki.

Ina jin Lasifika yana raɗa, "Dogo, a hankali, wasa ne fa!"

Dogo ya ce, "Ai mutum bakwai ka ce musu. Kai ne na farko, kai ne sauran shidan."

Ya nana shi da ƙasa, ya ɗaga, ya sake nanawa. Samari na ƙirgawa da baki ɗaya, yara na tsalle, zaki na neman gafara da muryar mutane. Da aka gama ya kwanta shame-shame, mofa ta karkace ta rufe masa ido ɗaya.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Anti mai kitso ta miƙe ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Yara sun ga zakinsu, 'yan ƙwallo sun ga dambensu. Mu da muka rufe shago fa? Ba inda za mu sai an yi biki. Ina ango?"

Samari suka amsa, "Ga shi nan kwance!"

Aka dubi 'yar mai agogo. Ta rungume tirenta ta ce, "Ni? Allah ya sawwaƙe. Ko a wasa."

Anti ta ce, "To in babu amarya, ga ni. Dama na daɗe ina neman mai baki ya riƙa yi wa shagona talla." Ta nufo matakala hannu a buɗe, mata na tafi suna rakiya.

Zakin da ya kasa motsi ya ɗaga ido ɗaya ya hango abin da ke tahowa. Sai ga shi tsaye a kan ƙafa biyu. Ya ranta a na kare, wutsiya ta sarƙe da igiyar labule, ya ja, labule ya ja. Ƙarfen da ke riƙe da shi ya ce ƙaras, jan labulen nan gaba ɗaya ya rufto a kansa. Aka bar wani tudu a tsakiyar dandamali yana motsi, daga ciki murya na cewa, "Mama! Ku kira min Mama!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Tsofaffi na share hawaye, malaman yara sun riƙe ciki, Anti ta zauna a matakala tana bugun cinya. Ni kaɗai ce ban san ko dariya nake ko kuka ba, don wasana ya mutu a gaban mutanen da na yi shekara ina mafarkin gani.

Sai Farfesa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, amma aka yi shiru.

"To, an ga zaki. Yanzu a bar mu mu ga abin da yaran nan suka shirya."

Aka janye tudun labule zuwa gefe da abin da ke cikinsa. Aka kwashe yara aka mai da su, rabin samari suka fice, sauran suka zauna don ba su gaji da fanka ba. Dogo ya mai da madubi a ido, muka fara daga farko, ba labule. Wannan karon shirun ya samu wuri. Da aka zo inda 'yar ke matsar wa uban ƙusan kusa da yatsunsa a ɓoye, don ya ɗauka shi ya gano, na ji ana jan hanci a tsakiyar zaure. Anti ce, kwalli duk ya zubo. Baba mai fansho kuwa, da zai fita ya tsaya a gabana, ya daɗe yana kallona, ya ce, "'Yata, gidana kika leƙa?" Na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Farfesa ya iso, jikarsa na riƙe da hannunsa. Lasifika ya riga ya fito daga labule, yana gefe yana karkaɗe kwat, kuma wai har ya fara gaya wa 'yan ƙungiya cewa duk cikin tsari ne. Farfesa ya zaro makulli ya sa min a hannu.

"Zaure naku ne. Labule kuma ku ɗaura abinku." Ya juya wurin Lasifika. "Kai ne zakin?"

"Ranka ya daɗe, Manaja ne. Wato dabara ce ta jawo hankali, a aji ana ce mata..."

"Madalla. Shugabar makarantar yaran nan ta ce za ta kawo sauran azuzuwa, ta kuma gaya wa makarantu biyu na kusa. Na amsa mata. Duk ranar wasa da zaki za a buɗe. Ranar da babu zaki, 'yan ƙwallon tebur na nan."

Lasifika ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ɓangaren talla nake."

"Na sani. Ka yi talla, kasuwa ta amsa. Sai ka kawo kaya."

Ya ja jikarsa suka tafi, tana waige tana yi wa zaki bye da hannu. Lasifika ya dube ni, na dube shi. Na ɗauko mofar daga ƙasa na miƙa masa, na ce ya wanke ta da kyau ya shanya, tunda shi zai riƙa sawa.